Ranar da Na Karɓi Ƙwallo a Hannun Yaya Sale

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka ji game da ni da Baffanku Sale. An faɗa muku a gidan biki, an faɗa muku a zaman makoki, har Zainab ta taɓa dawowa daga Kano ta yi kwana biyu ba ta iya haɗa ido da ni. An ce muku na wulaƙanta yayana a bainar jama'a saboda kofi. Ba a yi muku ƙarya ba, sai dai rabin zancen aka ba ku, kuma rabin da ya fi mini sauƙi. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, shagon Al Khabaisi ma na bar wa Mustafa, bari in rubuta muku yadda abin ya faru daga farko, ko kwa daina zaman doya da manja da 'ya'yansa a kan maganar da ba ku san kanta ba.

Yaya Sale ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya nema mini biza, shi ya tarye ni a filin jirgi da rigar sanyi a hannu, domin wani ya gaya masa sabon zuwa yakan yi mura saboda iyakwandishan. A lokacin shi ne shugaban leburori a wani sito na kamfanin kago, masu jigilar kaya, a unguwar Al Quoz nan Dubai. Aikinmu ɗaure kayan 'yan kasuwar Kano da loda su a kwantena, atamfa ce, takalma ne, kayan gyaran mota ne, duk abin da Alhaji ya sayo. A filat ɗinsa na Bur Dubai na sauka, bayan kasuwar yadi, ɗaki biyu da falo. Shi da matarsa Yaya Binta da yara biyu suna ciki, ni kuma in shimfiɗa katifa a falo, in naɗe ta kafin yara su tashi.

Wasan besbol, wanda mu muke ce wa ƙwallon gora, a wancan zamani ba wanda ya san shi a garin nan sai 'yan Filifin da ke aikin akawu a sito-siton unguwar. Ran Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a lokacin, sai su taru a wani fegi mai rairayi a bayan sitonmu, su baje kwali huɗu su danne da duwatsu, su ce ga gidaje nan. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu yana jifa, wani yana riƙe da gora yana neman ya doke ƙwallon, na uku yana tsugune a bayansa yana cafewa. In mai gora ya kuskure sau uku ya fita. In ya doka, sai ya yar da gorar ya ruga ya zagaye gidajen nan huɗu, in ya dawo inda ya tashi an ci ɗaya. Mu dai da farko kallon mahaukata muke yi musu, manya da su suna guje-guje a rana.

Babban akawunmu, wani dattijo mai suna Ruben, shi ne kocinsu. Shi ya lura da Yaya. In ana ɗaure kaya, leburori suna can saman tarin kwalaye, Yaya yakan tsaya daga ƙofar sito ya riƙa wurga musu salatif, wannan ya miƙa hannu ya ji shi a tafinsa, wancan ma haka, bai taɓa sa wani ya sunkuya ba. Ruben ya yi mako guda yana kallonsa ta gilashin ofis, sannan ya fito ya tambaye shi inda ya koyi jifa. Yaya ya ce a gonar gyaɗa, wajen korar birai. Gaskiya ya faɗa. A ƙauyenmu da ke bayan Gwarzo, tun yana ɗan shekara goma birai suka san shi, ni kuwa da na yi wayo aikina in tsinto masa duwatsu in tara a gabansa.

Da aka sa shi a kan tudu, sai aka rasa mai cafe masa. Jifansa yana da zafi, Turancinsa kuma bai wuce na lodi ba. Sai aka ce ƙanensa ya tsuguna. Aka sa mini wata ƙatuwar safar fata a hannun hagu, aka kifa mini garkuwar ƙarfe a fuska, na zama mai cafewa. Sauran ƙungiyoyi da yatsu suke yi wa juna ishara a ɓoye don kada mai gora ya san irin jifan da ke tafe. Mu ba ruwanmu da wannan wahala. Da Hausa nake gaya masa, da ƙarfi ma kuwa, in ce Yaya ƙasa-ƙasa, ko in ce matso masa jikinsa, matsoraci ne. Mun daɗe muna cin karenmu babu babbaka har wata ƙungiya ta samo wani Basudane da ya tashi a cikin Hausawa, ranar muka sha kashi, daga nan muka koma yatsu kamar kowa.

Shekarar da nake ba ku labari, kamfanoni shida suka haɗu suka ce a yi gasa ta gaske, a buga tun shigowar sanyi har fitarsa. Mai kamfaninmu mutum ne mai son a san da shi, sai ya sa wasan cikin aikinmu. Ya ɗinka mana riguna, ya ba mu yammacin Alhamis don atisaye, aka ƙara mana wani abu a kan albashi. Mun riƙa cewa mu ne na farko a garin nan da aka biya don su buga ƙwallon gora, kuma ba wanda ya taɓa ƙaryata mu. Ƙungiyar kuwa hatsin bara ce. Akwai 'yan Filifin biyar, mu biyu, sauran 'yan Pakistan ne da suka taso da nasu wasan gorar da ake kira kurket. Su waɗannan in sun doki ƙwallo sai su ruga da gorar a hannu kamar yadda suka saba a wasansu, Ruben yana binsu yana roƙo su yar. A cikinsu akwai Nawaz, direban foklif, motar ɗaga kaya, magidanci mai shiru-shiru, wanda shi ma ya iya jifa amma bai taɓa neman a sa shi ba.

Muka fara ci. Labari ya kai Deira, unguwar 'yan kasuwarmu da ke tsallaken ruwa, cewa akwai wani Bakano da ke hana Turawa da 'yan Filifin taɓa ƙwallo. Sai 'yan kasuwa suka fara zuwa. A sauko daga Juma'a, su ci abinci, su hau kwalekwalen da ake kira abra su tsallako, su cika motocin haya, su iso da tabarmi da filas na shayi. Ba su san dokar wasan ba, abin da suka sani shi ne in mai gora ya kaɗa iska ya juya ya tafi, to Sale ya yi aiki. Suka sa masa suna Sarkin Jifa. Ku gane abin da wannan yake nufi a wurinsa. Mutum ne da ya yi shekara goma sha biyar Alhazan nan suna kiransa da hannu ya zo ya ɗaga musu kwali. Yanzu ga su suna miƙewa tsaye in ya zo wucewa, suna ba shi hannu biyu. Na ga yayana yana tafiya da wata irin tafiya da ban san shi da ita ba, kuma wallahi na yi masa murna har cikin raina.

Ni na fara sanin hannun ya taɓu, domin a tafina jifan yake sauka. A da in na cafe sai na ji shi har gwiwar hannu, in wanke hannu da yamma yana zogi. Wajen tsakiyar gasar sai zogin ya daina. Ƙwallon yana zuwa inda na ce, amma ba ƙarfi. A gida kuma na ga ya fara sa hula da hannun hagu. Da safe Yaya Binta takan dafa ruwa ta gasa masa kafaɗa da tsumma, ta shafa masa man zafi, falon duk ya ɗauki wari. Wata Alhamis ya fita sayen burodi, ta kira ni kicin tana yanka albasa, ba ta ko dube ni ba.

"Ado, kai kake tsugune a gabansa. Ka fi kowa sanin hannun nan ba lafiya."

"Gajiya ce, Yaya Binta. In an gama gasar zai huta."

"Jiya bai iya ɗaga buta ba. Na yi magana ya ce me na sani a harkar wasa. Kai in ka faɗa zai ji."

"Ni zan dubi Yaya in ce masa ya kasa? Da wane bakin?"

"Da bakin da kake cin tuwonsa," in ji ta, ta ci gaba da yankan albasarta.

Ban faɗa ba. Ruben ma ya tare ni har sau uku a bakin ofis, ya ce habibi, wato abokina, gaya mini gaskiya, yayanka lafiya yake? Ga Nawaz nan, sai mu riƙa hutar da shi. Sau uku ina cewa lafiyarsa lau. Na gaya wa kaina ladabi nake yi, tunda na tashi ban taɓa ce wa Yaya ba zai iya abu ba. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, akwai tsoro a ciki, akwai kuma son rai. Ina jin tsoron yadda zai dube ni, kuma ina jin daɗin yadda Alhazai suke cewa ga ƙanen Sarkin Jifa. Da dabara muka riƙa tsallakewa. Na san masu gorar nan ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ke da gaggawa da wanda ke tsoron ƙwallo, sai in riƙa nema masa jifan da ba ya bukatar ƙarfi. Haka muka lallaɓa wata biyu har muka kai wasan ƙarshe.

Ranar an cika fegin nan, har kan kwantenoni mutane suka hau. Da ma'aikatan wani otal muka kara. Aka fara bayan la'asar, muka shiga zagayen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya, saura mu fitar da mutum ɗaya kofi ya zama namu. A nan hannun ya ƙi. Jifa ya riƙa faɗuwa a ƙasa kafin ya iso ni, wani ya bi ta saman kaina. A dokar wasan in jifa ya bauɗe sau huɗu, mai gora yakan wuce gidan farko kyauta. Haka mutum uku suka cika gidaje uku, ga babban mai gorarsu yana tahowa, wani ƙato da in ya sami ƙwallo mai sanyi sai dai a nemo shi a titi. Na dubi Yaya daga inda nake tsugune. Leɓensa ya yi fari. Na waiga na ga Ruben ya miƙe daga benci. A al'adar wasan, in za a canza mai jifa, koci ne yake takawa har tudu ya miƙa hannu, mai jifa ya ba shi ƙwallon ya sauka. Sai zuciyata ta ce, da baƙo ya sauke yayanka a gaban Kanawa, gara kai ɗan'uwansa ka je ka lallashe shi. Na ɗaga wa alƙalin wasa hannu, na yi wa Ruben alama ya tsaya, na cire garkuwar fuskata da hannun dama, na taka zuwa tudun.

"Yaya, hannun ya gaji."

"Koma ka tsuguna. Saura mutum ɗaya."

"Ba zai kai ba, Yaya. Don Allah ka ba ni ƙwallon, Nawaz ya ƙarasa."

"Ado, ni kake ce wa in ba ka?"

Sai kawai na miƙa hannu. Garkuwa tana hannun damana, don haka hagun na miƙa, da safar a jiki, kamar yadda na saba karɓar ƙwallo daga wurinsa sau dubu. Ya dubi safar, ya ɗago ya dube ni, ya saki ƙwallon a ciki. 'Yan Filifin suka tafa masa, domin a wurinsu haka ake girmama mai jifa in zai sauka. Ɓangaren tabarmi kuwa ba wanda ya tafa. Na ji muryar wani dattijo sarai yana cewa, subhanallahi, da hagu ya karɓa. Sai a lokacin na dubi hannuna. Yaya bai nufi benci ba, ya bi ta tsakanin kwantenoni ya fita titi da rigar wasan a jikinsa.

Nawaz ya hau tudu ya yi jifa huɗu, ƙaton nan ya kaɗa iska sau uku, muka ci kofi. Aka ɗaga ni sama, mai kamfani ya rungume ni yana cewa khalas, khalas, mun gama da su. An ɗauki hoto, kowa yana ciki ban da mutumin da ya kawo mu wurin. Ni dai abin da nake ji kawai shi ne ina son in sauka in bi yayana.

Na same shi a gida ya yi wanka yana zaune a falo. Na durƙusa na fara ba da haƙuri.

"Sannu da zuwa, Malam Adamu," in ji shi. "An ci kofi, ko? Madalla."

Tunda aka haife ni bai taɓa kirana da wannan suna ba. Daga ranar kuwa shi ya zama sunana a bakinsa. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, yana amsa gaisuwata cikakkiya kamar yadda ake amsa wa maƙwabci. Kwana goma na iya jurewa, na naɗe katifata na koma masaukin leburori a Al Quoz. Labari kuwa ya riga kwantena isa Kano, kuma kafin ya isa ya yi ƙiba, har aka ce fizge ƙwallon na yi. Na ɗauki dattawa biyu daga cikin 'yan kasuwa muka je ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya wuce, ya sa aka kawo musu shayi. Kowa a ɗakin ya san bai wuce ba. Da ya je asibiti likita ya ce jijiyar kafaɗar ta yage, kuma an daɗe ana aiki da ita a haka. Bai ƙara iya ɗaga kwali ba, shi kuwa ba mutumin da zai tsaya yana nuna wa wasu da baki ba ne. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Kamfani ya ba ni muƙaminsa, na karɓa domin ina shirin auren mahaifiyarku, wannan kuma ya ƙara wa masu magana abin faɗa.

Na yi shekaru ina kare kaina da zancen garkuwar nan. Duk wanda ya tayar da maganar sai in tashi tsaye in nuna masa, ga dama a riƙe da ƙarfe, ga hagu da safa, da wanne zan karɓa? Har na haddace shi. Mahaifiyarku takan ce in baƙi suka zo, don Allah yau kada a yi mana wasan garkuwa. In na je Kano nakan je in gaishe shi, mu yi minti goma a zaure, a tambayi iyali, in tashi.

Bara waccan, da aka ce mini jikinsa ya matsa, na je na same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya rame, gemu ya yi fari fat. Yaya Binta ta kawo mini ruwa ta koma ɗaki ta bar ƙofa a buɗe. Na ga in ban yi magana yanzu ba, wataƙila ba zan ƙara samun dama ba. Sai na fara, kuma don wauta da zancen garkuwar na fara. Ya ɗaga mini hannu.

"Bar zancen hagun nan. Ina da ido, na ga abin da ke hannun damanka. Mutane ne suka riƙe wannan, ni ban taɓa riƙe shi ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Yaushe ka san hannun ya tafi?"

"Wata biyu kafin ranar."

"Wata biyu. Muna kwana gida ɗaya, muna shiga mota ɗaya mu tafi aiki. Ni ina jin ciwo, amma ina cewa tunda Ado bai ce komai ba, to jifan yana nan. Kai nake dubawa. Da ka ja ni gefe ka gaya mini, da na yi fushin kwana biyu na huta. Sai ka bari sai da aka cika fili."

"Nauyinka na ji, Yaya."

"To nauyin nan naka shi ya cinye mini kafaɗa."

Na yi kuka a gabansa, da furfurata. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun kafin a haifi Zainab, ya dai kasa sakin jiki da ni ne, kuma shi ma abin yana damunsa. To kun ji laifina na gaskiya, kuma ya fi wanda aka gaya muku girma. Baffanku bai zalunce ni da komai ba, 'ya'yansa kuma suna da dalilin jin haushi, domin su suka ga yadda aka yi rayuwa a gidan bayan an dawo. Ku za ku fara zuwa gaishe su, kada ku jira su zo.

Muna nan zaune aka kira azahar. Ya ce in kama shi mu je masallacin ƙofar gida, ya gaji da salla a zaune. Na tsaya kusa da shi a sahu, kafaɗata tana taɓa tasa. Da liman ya ta da kabbara, na ga hannun hagunsa ya ɗaga har kunne, na daman ya taso da ƙyar ya tsaya a ƙirji. Shekara ashirin da wani abu haka yayana yake salla, sau biyar a rana, ni ban sani ba sai ranar.